Yadda ake hana furosesar kwamfutar tebur yin zafi fiye da kima

Kwamfutar da furosesarta ke yin zafi fiye da kima ba ta cika ɓoye damuwarta ba. Da farko fankar cikinta ce take ɗaga murya ko da ba a ɗora mata wani aiki mai nauyi ba, daga nan aikin da a da take gamawa cikin minti biyu ya koma ja da jinkiri, idan kuma aka ƙyale ta sai ta fara mutuwa da kanta ana tsakar aiki alhali ba a ɗauke wuta ba. Masu shagunan buga takardu da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta sun san wannan hali, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40.

Ya kamata a daidaita suna tukuna, domin mutane da yawa suna kiran akwatin kwamfutar gaba ɗayansa da sunan CPU. A wannan bayani, furosesa ita ce ƙaramar na'urar nan mai kusurwa huɗu, wadda ba ta kai tafin hannu ba, da ke zaune a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. A kanta ake ɗora masanyayi, wato dunƙulen ƙarfe mai siraran haƙarƙari tare da fankarsa. Kusan duk wutar lantarkin da furosesa ta sha zafi take komawa, kuma zafin nan yana da hanya guda ta fita: daga furosesa zuwa man da aka shafa a kanta, daga man zuwa ƙarfen masanyayi, daga ƙarfen zuwa iskar cikin akwati, daga akwati zuwa ɗaki. Duk inda hanyar ta toshe, zafi zai taru a baya. Saboda haka aikin gaba ɗayansa shi ne gano gaɓar da ta toshe, kuma ya fi dacewa a fara da matakan da ba su cin ko sisi, a bar sayen sabon masanyayi ya zama na ƙarshe.

Mataki na farko: a auna zafin kafin a taɓa komai

Ɗora hannu a jikin akwati ba awo ba ne, domin akwati yana iya yin sanyi alhali furosesa tana ƙuna, kuma iska mai ɗumi da ke fita ta baya sau da yawa alama ce ta cewa masanyayi yana aikinsa. A cikin furosesa akwai na'urorin auna zafi, abin da ake bukata kawai shi ne manhajar da za ta karanto su. A kan Windows ana samun HWiNFO da HWMonitor da Core Temp kyauta, kuma ya kamata a sauke su daga shafukan masu su. Mai amfani da Linux zai girka lm-sensors ya rubuta umarnin sensors. Ana kuma iya ganin zafin a cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo, wanda ake shiga ta danna Del ko F2 da zarar an kunna kwamfuta, ko F10 a yawancin kwamfutocin HP, sai dai adadin da ake gani a can na lokacin da furosesa ba ta ɗauke da kaya ne, don haka bai isa hujja shi kaɗai ba.

Awo biyu ake yi. Na farko shi ne a kunna kwamfutar, a bar ta minti goma ba tare da an buɗe komai ba, a rubuta adadin. Na biyu shi ne a ɗora mata aiki mai nauyi na minti goma zuwa goma sha biyar, ko da manhajar gwaji irin Cinebench ko da ainihin aikin da take mutuwa a kansa, kamar haɗa bidiyo, sannan a rubuta adadi mafi girma da ta kai. A rubuta zafin ɗakin ma idan akwai ma'auni, tare da lokacin da aka yi awon, domin awon asuba da na azahar ba za su zo ɗaya ba.

A ma'aunin Selshiyas, furosesar da ba ta aiki takan tsaya tsakanin digiri 30 da 50, kuma a ɗaki mai zafi ba abin tsoro ba ne ta ɗan wuce haka. A ƙarƙashin aiki mai nauyi, digiri 70 zuwa 85 daidai ne. Yawancin furosesocin tebur na Intel suna da iyakar digiri 100, AMD kuma ta sanya digiri 95 ga yawancin jerin Ryzen 7000, waɗanda aka ƙera su da niyyar su hau har wannan iyaka idan aiki ya yi nauyi, saboda haka mai irinsu kada ya firgita da ganin 90. Idan furosesa ta kai iyakarta, da kanta take rage gudu domin ta huce, wannan ne jinkirin da ake ji, idan ragewar ba ta wadatar ba sai ta kashe kwamfutar. HWiNFO yana nuna ko an kai ga wannan ragewar gudu. Abin da ya cancanci damuwa shi ne furosesar ofis mai wat 65 da ke kaiwa 95 ko 100 cikin daƙiƙoƙi kaɗan da fara aiki, ko wadda ke zaune a 70 ba ta yin komai. A lokacin gwaji, idan adadin ya manne a kan iyaka, a dakatar da gwajin, an riga an sami amsar da ake nema.

Mataki na biyu: a duba ko wani abu yana sa ta aiki a ɓoye

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. A danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a jera manhajoji bisa yawan furosesar da suke ci. Idan ba a buɗe komai ba amma ana ganin kashi 60 ko 100 cikin ɗari, to zafin yana da dalilin da ba na ƙura ba. Wani lokaci sabunta Windows ne ko binciken manhajar riga-kafi, waɗanda kan wuce da kansu. Wani lokaci kuma muguwar manhaja ce da ta shigo tare da manhajojin sata, tana haƙar kuɗin kirifto ga wani da wutar mai kwamfutar. A yi cikakken bincike da Microsoft Defender, a kuma rage manhajojin da ke tashi tare da Windows waɗanda ba a bukata.

Mataki na uku: ɗaki da mazaunin akwati

Masanyayi ba firji ba ne. Ba zai iya sauke furosesa ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa ba, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma sai ta ƙara shi. Kwamfutar da ke kaiwa 78 a ɗaki mai digiri 25 za ta kusanci 93 a shago mai rufin kwano da ya kai 40, ba tare da wani abu ya lalace a cikinta ba. Wannan ne ya sa adadin da ake gani a gwaje-gwajen Turai da Amurka, waɗanda galibi ake yi a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai, ba ya zama ma'auni kai tsaye ga wanda ke aiki a bazarar ƙasar Hausa.

Abin da za a iya gyarawa shi ne mazauni. A fitar da akwatin daga cikin kabad ɗin tebur mai rufaffen baya, domin a can iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. A bar tazarar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango, kada a jingina takardu ko kwali a kan ramukan gefe da na sama. A ɗaga shi daga ƙasa, ko a kan tebur ko a kan ɗan benci, saboda ƙasan ɗaki, musamman inda aka shimfiɗa kafet ko darduma, nan ƙura ta fi kwanciya. A kawar da shi daga hasken ranar da ke shigowa ta taga, a kuma raba shi da UPS da sitabilaiza, waɗanda su ma zafi suke fitarwa. Akwai al'ada mai kyau ta lulluɓe kwamfuta da ƙyalle ko leda saboda ƙura, amma wannan na lokacin da take kashe ne. Kunna ta a lulluɓe ya fi ƙurar illa. Idan babu na'urar sanyaya ɗaki, fankar sama da buɗaɗɗiyar taga suna taimakawa, kuma aiki mai nauyi da zai iya jira, a bar shi zuwa dare ko sassafe.

Mataki na huɗu: ƙura

A nan matsalar yawancin kwamfutoci take, kuma hunturu guda ya isa ya toshe masanyayi. Ƙurar ba ta tsayawa a saman fanka inda ido ke ganinta. Tana haɗuwa da zare da gashi ta zama kamar bargo a tsakanin fanka da haƙarƙarin ƙarfe, ta yadda fanka za ta riƙa juyawa da ƙarfi tana ƙara amma iska ba ta ratsawa. Idan damina ta shigo, danshi ya sa ta daskare.

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, sannan a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma domin sauran wutar da ke cikin allo ta zube. A cire sauran wayoyin, a fitar da akwatin waje ko baranda, domin ƙurar da aka busa a cikin ɗaki cikin akwatin za ta koma. A buɗe murfin gefe, wanda a yawancin akwatuna na hagu ne idan ana fuskantar gabansu, ana kwance sukuru biyu a baya. Kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre galibi sakata ce ko sukurun hannu. Kafin a sa hannu ciki, a taɓa ƙarfen akwatin da ba shi da fenti domin a sauke wutar da jiki ke tarawa. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum kan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, kuma wutar da ba ta kai a ji ta ba ma tana iya lalata ƙananan na'urorin allo.

Kayan aikin su ne bulowar hannu mai lantarki ko gwangwanin iska, da buroshin fenti mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba, da takunkumin hanci. Ana busawa a taƙaice, daga nesa kaɗan, ana bi ta haƙarƙarin masanyayi daga ɓangaren da iska ke fita zuwa ɓangaren da take shiga, domin a mayar da bargon ƙurar ta hanyar da ya shigo. Dole ne a riƙe kowace fanka da yatsa ko a tokare ta da tsinke yayin busawa, saboda iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da gudun da aka ƙera ta a kai, ta lalata mata gindi, daga nan ta fara gurnani. Idan gwangwanin iska ne, a riƙe shi a tsaye, domin idan an kifa shi ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Wasu suna kai akwati wurin mai faci a busa da injin ba taya iska. Ban ba da wannan shawara ba, domin tankin irin wannan inji yakan tara ruwa da mai, kuma ƙarfin iskarsa ya wuce abin da allo ke bukata.

Idan bargon ya ƙi fita, a kwance fankar daga kan ƙarfen, a ɗebe shi da buroshi. A wanke ragar tace ƙura ta gaba da ta ƙasa idan akwai, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. A busa katin hoto ma idan akwai, wato ƙaramin allon da ke sarrafa hoto da bidiyo, tunda zafinsa cikin akwati ɗaya yake zuba. Akwatin raba wuta, wanda wayar lantarki ke shiga, ana busa shi ta ramukansa kawai, kada a buɗe shi ko da an zare waya, domin a cikinsa akwai na'urorin da ke riƙe wuta mai haɗari bayan an kashe.

A ganina, a yankin da ake hunturu, sau ɗaya a shekara ya yi kaɗan. A busa a tsakiyar hunturu, a sake a ƙarshensa wajen watan Fabrairu kafin bazara ta kankama, shagon da ke bakin titi marar kwalta kuma ya riƙa dubawa duk wata biyu. Bayan an rufe, a maimaita awon nan biyu na matakin farko. Ba abin mamaki ba ne a ga adadin ya sauka sosai, kuma idan ya dawo cikin iyaka, ana iya tsayawa a nan.

Mataki na biyar: fankoki da hanyar iska

A kunna kwamfutar murfi a buɗe, a duba da ido ko kowace fanka tana juyawa, ba tare da sa hannu ba. Fankar furosesa dole ta kasance a haɗe da mahaɗin da aka rubuta wa CPU_FAN a kan allo, domin ta nan allon ke ƙara mata gudu idan zafi ya hau. Fankar da ke jinkirin tashi, ko mai gurnani, ko wadda ke tsayawa cak idan an juya ta da yatsa a kashe, ta gaji, sauyawa ya fi ɗiga mata mai, wanda ba ya wuce 'yan makonni. Wasu kwamfutocin Dell da HP suna amfani da mahaɗin fanka na kansu, wani mai fil biyar, don haka a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Idan kwamfutar tana nuna gargaɗin fanka lokacin tashi, kada a saba da danna F1 a wuce.

Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Fanka tana tura iska zuwa ɓangaren da sandunan da ke riƙe da injinta suke, wasu kuma suna da 'yar kibiya a gefe. Kuskuren da aka fi yi bayan gyara shi ne mayar da fankar baya a juye, ta koma tura iska ciki, su yi karo da ta masanyayi. Guntun takarda mai laushi da aka kusantar da ramin zai nuna inda iskar ta dosa. Akwatin da ba shi da fanka ko ɗaya sai ta furosesa zai amfana ƙwarai da ƙarin guda mai milimita 120 a baya, ko mai 80 ko 92 idan gurbin ƙarami ne, sannan ɗaya ko biyu a gaba. Inda ƙura ta yi yawa, ya fi kyau iskar da ke shiga ta raga ta ɗan rinjayi wadda ke fita, domin hakan yana hana akwatin zuƙo ƙura ta kowace kafa. A ɗaure wayoyin da ke lilo a gaban fanka.

Akwai gwaji mai sauƙi a nan. Idan cire murfin gefe ya sauke zafin da digiri masu yawa, matsalar iskar akwati ce. Idan bai sauya komai ba, matsalar tana tsakanin furosesa da masanyayi. Barin murfin a buɗe dindindin da fankar tsaye a gefensa, kamar yadda ake yi a wasu shaguna, yana rage zafi na ɗan lokaci, amma yana buɗe ƙofa ga ƙura da kyankyasai da ɓeraye, kuma a ƙananan akwatunan ofis, waɗanda aka tsara iskarsu ta bi wani bututun roba, yana iya ɓata tsarin.

Mataki na shida: sauya man da ke tsakanin furosesa da masanyayi

Saman furosesa da gindin masanyayi suna da sulɓi a ido, amma akwai ƙananan ramuka a tsakaninsu da iska ke cikewa, iskar da ta maƙale haka kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Man nan mai launin toka, wanda ake kira thermal paste, aikinsa cike waɗannan ramuka kawai. Da shekaru yakan bushe ya tsattsage. Kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, waɗanda wasu sun haura shekara takwas, da yawansu suna ɗauke da man da aka shafa musu tun daga masana'anta. Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 sanannu ne, ba su wuce da lantarki, kuma ƙaramin sirinji ɗaya yana isar kwamfutoci da dama. A guji nau'in ruwan ƙarfe, domin yana wuce da lantarki kuma yana cin alminiyom. Man goge baki da giris na mota ba madadi ba ne.

A bar kwamfutar ta yi aiki na minti goma domin tsohon man ya yi laushi, sannan a kashe, a zare waya, a kwantar da akwatin a gefensa. A ɗauki hoton yadda komai yake da wayar hannu kafin a kwance. A zare wayar fanka. Idan sukurori huɗu ne, a sassauta su kaɗan-kaɗan a gicciye, wato na wannan kusurwa sannan na kishiyarta, kada a kwance ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. Idan masanyayin Intel ne mai ƙafafun roba huɗu, a murɗa kan kowace ƙafa zuwa inda kibiya ta nuna, a ja ta sama. Daga nan a murɗa masanyayin hagu da dama a hankali har ya saki, kada a fizge shi. Wannan ya fi muhimmanci ga furosesocin AMD masu mazaunin AM4 (mazauni shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan allo), waɗanda filolinsu a jikinsu suke: busasshen mai yana iya manne su da masanyayi, a fizgo su tare, filoli su lanƙwashe. Babu bukatar ciro furosesa daga mazauninta, kuma a allon Intel barin ta a ciki yana kare siraran filolin da ke ƙarƙashinta.

A goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da ƙyalle marar gashi da aka ɗan jiƙa da sinadarin gogewa na isofurofil (isopropyl alcohol) mai ƙarfin kashi 90 ko sama, har ƙarfen ya fito fes, a bar shi ya bushe. Kada a kankare da wuƙa ko sukundireba. Tunda masanyayin yana hannu, wannan ne lokacin da ya fi dacewa a tsabtace haƙarƙarinsa sosai. Sannan a ɗiga sabon mai a tsakiyar furosesa, gwargwadon ƙwayar waken suya. Ba sai an baza shi da yatsa ba, matsin masanyayi zai baza shi. Furosesocin Intel na mazaunin LGA1700, waɗanda suka fi tsawo, ɗan siririn layi a tsaye ya fi dacewa da su. Idan mai ya ɗan yi yawa, ɓarna ce da ƙazanta kawai. Idan ya yi kaɗan, wani sashe zai zauna a bushe.

A sauke masanyayin a miƙe sau ɗaya, a ɗaure a gicciye kaɗan-kaɗan har sukurorin su tsaya da kansu, ba tare da tilastawa ba. Idan an ɗaga shi bayan ya zauna, a goge a sake sabon ɗigo. Ga mai ƙafafun roba, dole a fara mayar da kan kowace ƙafa saɓanin kibiya, a tabbatar farin bakinta ya shiga ramin allo, sannan a danna biyu masu kallon juna har a ji ƙas, a danna sauran biyun. Ƙafa ɗaya da ba ta kama ba ta isa ta kai furosesa digiri 100, kuma wannan na cikin abubuwan farko da ya kamata a zarga idan kwamfuta ta fara zafi bayan an yi tafiya da ita a mota ko a babur. A girgiza masanyayin a hankali, bai kamata ya motsa ba. A mayar da wayar fanka kafin a rufe, domin ita aka fi mantawa.

Mataki na bakwai: rage wutar da furosesa ke sha

Idan an yi duk wannan kuma ɗakin ne ya fi ƙarfin kwamfutar, sai a rage zafin daga tushensa. A shiga BIOS, idan an taɓa ƙara wa furosesa gudu fiye da na masana'anta, a mayar da saitin asali. A sashen fanka, a sauya daga yanayin shiru zuwa na daidai ko na ƙarfi, ko a gyara layin gudun yadda fanka za ta kai ƙarshen gudunta wajen digiri 75 zuwa 80. Ƙara za ta ƙaru, wannan ne farashin. Furosesocin Ryzen suna da yanayin Eco, wanda ke iya mayar da mai wat 105 ta yi aiki kamar mai wat 65, kuma gudun da ake rasawa bai kai zafin da ake ragewa ba. A allunan Intel ana iya rage iyakokin wuta da ake kira PL1 da PL2. Core i9-13900K, alal misali, an ba ta damar shan wat 253, wasu alluna ma sukan cire iyakar gaba ɗaya, wanda ba kowane masanyayi ke iya ɗauka ba. Masu manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 su sabunta BIOS, domin a shekarar 2024 kamfanin ya fitar da gyara kan matsalar yawan ƙarfin wuta da ke lalata wasunsu. A yi sabuntawar a kan UPS, saboda ɗaukewar wuta ana tsakar yi tana iya hana allon tashi.

Kwamfutocin ofis ba su cika ba da waɗannan zaɓuɓɓuka ba. A kansu ana iya shiga saitin wuta na Windows, a sashen kula da wutar furosesa, a mayar da iyakar sama daga kashi 100 zuwa 99. A kwamfutoci da yawa wannan yana hana furosesa ƙarin gudun da take yi na wucin gadi, zafi ya sauka nan take. Mai buga takardu da lilo a intanet da wuya ya ji bambanci, kuma yana iya mayar da saitin idan damina ta sauka.

Sai a ƙarshe a yi maganar sabon masanyayi. Ƙaramin da ke zuwa a kwali ɗaya da furosesa an yi shi ne domin mai wat 65 a ɗaki mai matsakaicin yanayi. Masanyayi mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka mai milimita 120, irin Cooler Master Hyper 212 ko DeepCool AK400, ya fi shi nesa ba kusa ba. Kafin a saya a tabbatar da abu uku: yana da ƙarafan ɗaurawa na mazaunin allon, domin ramukan LGA1700 sun bambanta da na LGA1200, tsayinsa, wanda kan kai milimita 155 zuwa 160, zai bar murfi ya rufu, kuma ba zai tokare sandunan RAM da ke tsaye a gefen furosesa ba. Siraran akwatunan ofis ba su ɗaukar irinsa, nasu na asali ake nema. Masanyayi mai ruwa yana da amfani ga manyan furosesoci, amma shi ma da iskar ɗaki yake hucewa, ragarsa da ruwan ke hucewa a ciki tana toshewa da ƙura, kuma yana da famfo da kan mutu. Alamar mutuwarsa ita ce zafi ya hau cikin daƙiƙoƙi alhali fankoki suna juyawa kuma ragar tana da sanyi. Kowane iri aka saya, a duba gindinsa a ɓare siririyar ledar da aka manna a kai kafin a ɗora, idan kuma ya zo da mai a shafe, ba a ƙara wani a kansa. Bayan an ɗora, a sake awon nan biyu a lokaci irin wanda aka yi na farko, a rubuta adadin da kwanan wata a takarda, a manna ta a cikin murfin akwatin domin a sami abin kwatantawa a ƙarshen hunturu mai zuwa.